Mai Facin Kawu

Duk direban da ke bin hanyar da ta ratsa Makarfi ta nufi Ikara ya san Kawu. Ba mutum ba ne, rami ne. Yana tsakiyar kwalta daidai ƙauyenmu, Tashar Gawo, kuma direbobi ne suka raɗa masa sunan, don babu mai wuce shi bai rage gudu ya rusuna ba. Tirela ma sai ta durƙusa. Wanda kuwa ya zo da rashin kunya bai gaishe shi ba, Kawu ba ya barin sai-ta-kwana, nan take yake yaga masa taya. Direba ya fito yana tsaki, ya ɗaga kai, sai ya ga rumfar Ɗan'azumi mai faci taku ashirin daga bakin ramin, da tsohuwar taya rataye a jikin gawo.

Ni sunana Malam Inuwa. Na yi shekara talatin da biyar ina koyar da 'ya'yan mutane a firamare, da na yi ritaya aka sallame ni da agogon bango, na dawo na mallaki rabin bencin Ɗan'azumi. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a gabana aka yi, kuma da hannuna a ciki.

A Malikanchi aka haife shi, cikin azumi, kamar yadda sunansa ya nuna. Ubansa manomi ne mai tsohon keke, kuma a kan wannan keken ya fara koyon sana'a, don kullum a face yake. Ya je Zariya ya yi shekara huɗu a hannun wani ubangida, ya dawo da famfon hannu, da gwangwanin sholisho, da daro guda na ruwa. Lokacin da ya kafa rumfa a Tashar Gawo, Kawu bai fi faɗin faifai ba. Tare suka girma. Kawu na ƙara faɗi, Ɗan'azumi na ƙara kaya, har ya ajiye famfo ya sayi injin ba da iska, ya auri Mukarrama, ya yi ɗaki biyu na kwano, ya aurar da 'yarsa Hafiza da gado da katifa. Mutum ne gajere, marar yawan magana, mai kunne kamar na zomo. In taya na sace iska, ba ya bukatar tsoma ta a daro. Kunne kawai zai kara mata, ya ɗora yatsa a wurin.

Kuma ba shi kaɗai Kawu ke ciyarwa ba. Mukarrama na sayar da shinkafa da wake ga fasinjojin da ke jiran a gama faci. Masu rake da mazarƙwaila sun jeru a gefen hanya, don mota ba ta da zaɓi sai ta tsaya ko ta yi rarrafe. A masallaci mukan roƙi Allah Ya kawo mana gyaran hanya, mu shafa, mu fito kowa ya koma bakin Kawu ya ci abincinsa. Faɗuwar wani tashin wani, mun sani, ba mu dai cika faɗa da ƙarfi ba.

Wata Litinin mai unguwa ya aiko wa Ɗan'azumi takarda mai tambari, shi kuma ya miƙo mini, don bai yi boko ba. Daga ofishin masu tsara aikin hanyoyi take. An ce ana shirin tsara gyara da inganta manyan hanyoyin Ikara da Makarfi da Kudan na shekara biyar, ana gayyatar masu ruwa da tsaki, har da "masu faci na yankin". Ina karantawa na gane. Leburorin da ke facin titi da kwalta ake nufi, waɗanda rabonmu da ganinsu tun ina saurayi. Takarda ta gangaro daga ofis zuwa ofis har ta iso hannun mai unguwa, shi kuwa mai faci ɗaya ya sani a duniya. Da ina da kirki da na faɗa. Amma a ƙasan takardar an rubuta cewa za a ba da abincin rana, sai na ce da shi, "Ɗan'azumi, gwamnati ta san da kai. Ni zan raka ka."

Ranar taro ya sa babbar rigarsa ta Sallah, ya wanke hannu da omo har sau uku, baƙin bai fita ba. Muka isa wani zaure a Makarfi, aka ba kowa ruwan roba da biro. Shugaban masu tsarin wani matashi ne, Injiniya Huzaifa, mai fara'a da farin gilashi, kuma ba zan ci amanarsa ba, da gaske yake aikinsa. Ya kunna majigi, taswira ta fito a bango. Ya ce sun raba hanyoyi kashi uku. Ja, gyaran gaggawa. Rawaya, a yi nan gaba kaɗan. Kore, lafiya lau, a bar ta. Ya ce ba da ka aka yi rabon ba, wata mota ce mai na'ura ta bi hanyoyin kaf, tana jin kowace gargada tana rubutawa.

Na gyara tabarau na nemi Tashar Gawo. Kore shar, kamar gonar alayyafo.

Ɗan'azumi ya taɓo ni. Shi ma ya tuna motar. Farar mota ce mai wani abu a ka, kuma direbanta ɗan Kudan ne, ya san Kawu tun yana kwandasta. Da ya iso, sai ya sauka daga kwalta ya bi ratse ta bayan masallaci, inda yashi yake sumul, ya sake hawa titi a can gaba. Na'ura ta rubuta abin da ta ji. A takardun hukuma, babu Kawu a duniya.

Can Injiniya ya duba jerin sunaye, ya ce, "Ina mai facinmu?" Ɗan'azumi ya miƙe, ya rusuna.

"Sannu Baba. Shekara nawa kana faci a kan wannan hanya?"

"Ashirin da bakwai, ranka ya daɗe."

"Ashirin da bakwai! Wa yake ba ka kayan aiki?"

"Ni nake saye."

Injiniya ya juya ga abokan aikinsa, ya ce su rubuta wannan, irin kishin da ake nema ke nan. Ya ce, "Da me kake yi, Baba?"

"Roba, da sholisho, da wuta."

"Roba? Kun ji fasahar gida. Faci nawa kake yi a rana?"

"Ranar kasuwar Makarfi nakan yi talatin. In Allah Ya kawo tirela, ta kan cinye mini rabin yini."

Aka tafa masa. Ni na sunkuyar da kai ina murza biro. Sai Injiniya ya nuna koren layin da sanda, ya ce, "Ga sakamakon aikinka nan, Baba. To, a wajenku akwai wurin da kake ganin na'urarmu ta tsallake?"

Na dubi Ɗan'azumi. Abin da ke gabansa a fili yake: in ya ambaci Kawu, aka cike shi, ya rufe tukunyar gidansa da hannunsa. In ya yi shiru, zai ci gaba da ci har shekara biyar da tambarin hukuma. Ya dubi ƙasa, ya ce, "Ai na'ura ta fi ni sani, ranka ya daɗe." Muka ci shinkafa da kaza, muka dawo gida.

Bayan mako uku aka yi ruwa mai ƙarfi da safe, Kawu ya cika ya batse, ya shafe da titi. Sada, direban motar kaya da ake ce wa kanta, abokin Ɗan'azumi tun suna samari, ya taso daga Paki da kwandunan tumatir da attarugu na manoma bakwai. Sada ya san Kawu kamar yunwar cikinsa. Amma wata tirela ta taho ta cinye hannunsa, ya kauce mata, tayar gaba ta faɗa ciki. Ina zaune a benci na ga motar ta karkata a hankali, kamar tsohuwa za ta kwanta, sannan ta kife. Titi ya yi jawur. Mata suka fara salati suna zaton jini ne, har aka gane tumatir ne, aka fara hamdala. Sai muka ji muryar Sada daga ƙarƙashi.

Ɗan'azumi ne ya kawo jak ɗinsa ya ɗaga motar, shi ya jawo shi. Ƙafar dama ta karye wuri biyu. Ana ɗora shi a wata motar, yana cije baki, har ya samu zarafin yin barkwanci: "Ɗan'azumi, yau na gaida Kawu da kyau." Ɗan'azumi bai yi dariya ba. Da yamma na same shi zaune a kan taya, kwanon abincin da Mukarrama ta kawo a rufe a gabansa. Ya ce, "Malam, an tambaye ni fa. A gabanka aka tambaye ni." Na ce ƙaddara ce. Ya ce, "Ƙaddara ce, amma an tambaye ni."

Da aka kira taro na biyu don tabbatar da tsarin, bai sa babbar riga ba. Da kayan aikinsa ya je, da buhu a kafaɗa. Tun kafin a kunna majigi ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ina da magana. Ni ba titi nake wa faci ba. Taya nake wa. Ban taɓa riƙe kwalta ba tun da uwata ta haife ni."

Dariya ta ɓarke a zauren. Injiniya ya cire gilashi ya goge. Ɗan'azumi bai jira an gama dariyar ba, ya zazzage buhun a kan teburin manya. Yankakkun tayoyi ne da robobin ciki. Ya ɗauki ɗaya. "Wannan yankan a gefe, na ramin kusa da Nasarawan Doya ne, bakinsa kaifi gare shi. Wannan kumburin, na kwalbatin da ya zauna a hanyar Kudan ne. Waɗannan kuwa," ya tura tulin da ya fi kowanne yawa, "duk na Kawu ne. Yana ƙofar rumfata. Shi ya aurar mini da 'ya. Motarku ratse ta bi ta bayan masallaci, ban faɗa ba wancan karon don ina jin tsoron yunwa. Yanzu abokina yana kwance, ba zai ƙara taka birki ba. A cike shi."

Wallahi ban taɓa jin kunya da alfahari sun haɗu mini wuri guda irin na ranar ba. Injiniya Huzaifa ya zagayo ya riƙe hannunsa da hannu biyu. Ya sa aka kawo taswirar takarda, Ɗan'azumi na faɗa yana ɗiga jan biro, sai da suka yi rami goma sha tara da na'ura ba ta ji ba. Kawu ya zama na ɗaya a jerin ja. Injiniya ya ce, "Baba, kafin damina ta gaba, in sha Allahu."

A Tashar Gawo ba a tafa masa ba. Masu rake suka daina yi masa sannu. Wata mai ƙosai ta ce wanda ya ƙoshi ne ke kifar da tukunya. Mukarrama ce kawai ta ce, "Baban Hafiza, bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci. Da ma shinkafar nan ta daɗe tana tsaya mini a wuya."

Nan ne na yi kuskurena na biyu, wanda ya fi na farko. Ya zo ya tambaye ni ko maganar ta tabbata, don in ta tabbata gara ya sayar da inji tun yana da daraja, ya karɓi hayar fadama ya shuka rake. Na ɗauko kwafin tsarin da aka ba mu, littafi ne mai kauri da bango mai sheƙi, na buɗe masa shafin da sunan garinmu yake da jan layi. Na ce, "Ɗan'azumi, dubi tambari. Abin da aka rubuta da Turanci aka buga masa tambari uku, ai ya gama zama." Ni da na yi shekara talatin da biyar ina aikin gwamnati, ni na faɗi wannan da bakina. Ya sayar wa wani magidanci, Bilya, inji da jak da daro da rumfar gaba ɗaya. Bilya ya ce zai ci abin da ya samu kafin a gyara, sannan ya kwashe ya koma wani wuri.

Aiki kuwa ya fara, kada a ce ba a yi komai ba. Da rani wasu mutum uku suka zo da jan fenti suka zagaye Kawu da layi, suka rubuta lamba ɗaya a gefensa. Damina ta zo, Kawu ya cinye layin da lambar. Da rani suka dawo suka zana wata da'irar, ta fi ta bara faɗi, gwangwani biyu ta ci. Aka kafa turaku masu jan kai a gefen hanya, muka ji daɗinsu ƙwarai wajen ɗaure awaki. Aka kafa allo mai hoton titi sumul da wata mota tana sheƙa gudu a kai, har wani baƙon direba ya tsaya kallon allon ya faɗa Kawu. Sannan tifa ta juye tsakuwa tuli guda ta tafi. Tulin ya yi wata huɗu yana jiran ma'aikata, yana ramewa a hankali. Ba zan ambaci sunan kowa ba, amma daɓen banɗakina bai taɓa yin kyau irin na yanzu ba.

A shekara ta biyu na shirya na je ofishin da kaina, don zuwa da kai ya fi aike. Wani jami'i ya karɓe ni da mutunci, ya ce ai labari mai daɗi ne. An sake nazarin tsarin, an ga hanyarmu ta fi ƙarfin faci, an ɗaga ta zuwa sahun waɗanda za a kankare a sake su gaba ɗaya, har a faɗaɗa. Na ce Alhamdu lillahi, yaushe? Ya ce ana tsarawa. Na ce to kafin nan a ɗan cike mana ramin. Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce, "Haba Malam, kai da ka yi boko. Wa zai zuba kwalta a hanyar da za a kankare? Ai ɓarna ce." Wato Kawu ya samu ƙarin girma, ya wuce a taɓa shi.

Bilya dai bai koma ko'ina ba. Ya ƙara wa rumfa kwano, ya sayi babur. Raken Ɗan'azumi kuwa, shekarar farko ambaliya ta kwantar da shi, ta biyu tsutsa ta shiga. Mutumin da ya yi shekara ashirin da bakwai yana sauraron taya, bai san kukan gona ba. Yakan zo ya zauna a gefena a bencin da ya zama na Bilya, in taya na sace iska sai in ga yatsansa na motsi a kan gwiwa.

Wata safiya, bayan wani mai babur da matarsa sun faɗa ramin sun kuje, na ga Ɗan'azumi ya turo baro cike da marmara daga tsohon kududdufin bayan gari. Ya juye a cikin Kawu, ya koma. Sawu goma sha ɗaya ya yi ranar. Ya jera duwatsu a ƙasa, ya bi da marmara, ya daddaɓe da gungumen itace. Ruwa ya zo ya wanke, tirela ta zo ta tone, ya sake. Direbobi na wurgo masa canji ta taga, ba ya ko duban wurin. Sada, wanda yanzu da sanda yake tafiya, ya samu kujera a gefen titi da jan ƙyalle a hannu, yana tsayar da motoci in ana juye ƙasa. Bilya ya zo har gida ya yi ƙorafi: "Haba Baba, ka sayar mini da inji, kuma ka dawo kana binne mini kasuwa?" Ɗan'azumi ya ba shi haƙuri, gari na wayewa ya ɗauki baronsa.

Wata takwas yana wannan. A cikinsu babu wanda ya kife a Tashar Gawo, ko ɗaya. Sai ga farar mota mai abu a ka ta dawo, ana sabon awo don sabon tsari. Wannan karon direban bai bi ratse ba, don babu dalili. Ya bi ta kan Kawu sumul, ranar kuwa Ɗan'azumi ya daɓe shi da kyau har da yayyafa ruwa. Wani ya leƙo ta taga ya ɗauki hotonsa da shebur a hannu.

Takardar ta iso bayan wata biyu, ta hannun mai unguwa kamar ta farko. Ɗan'azumi ya goge hannu a riga ya miƙo mini, Sada ya matso da kujerarsa. Takardar yabo ce. An gode masa bisa aikin sa kai. An ce sabon awo ya nuna matsalar Tashar Gawo ta warware ta hanyar ƙoƙarin al'umma, don haka an cire wurin daga jerin ja an mayar da shi kore, a karkata aikin zuwa inda ya fi bukata.

Na karanta har ƙarshe cikin takaici. Na ce, "Ka daina cikewa! Ka bar shi ya buɗe baki, su dawo su gani da idonsu." Sada kuwa ƙafarsa kawai yake kallo. Ɗan'azumi ma ita ya kalla. Ya ce, "In na bari, kafin su dawo wa zai faɗa, Malam? Kai za ka zaɓa mini shi?"

Ya karɓi takardar ya juya ta, ya ce in nuna masa inda sunansa yake. Na ɗora yatsa. Ya ce me aka rubuta a gaban sunan. Na ce, "Ɗan'azumi, mai faci."

Ya jinjina kai. Ya ce, "To, wannan karon ba su yi kuskure ba." Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce da Sada ya ɗaga ƙyalle, ga tirela can tafe, sannan ya kama hannun baro ya nufi kududdufi.